Ƙarin jinin da na riƙa haɗa wa Salisu

Alhamdu lillahi a kan kowane hali. Sunana Binta, ɗinki nake yi a cikin gida a Batsari, kuma unguwarmu ta shaide ni da baki, ban musa ba. Jiya wata maƙwabciyata ta shigo dubiya da leda a hannu, na leƙa ledar, na mayar mata da abinta, ta fita tana cewa ban da ta-ido. To bari in faɗi dalili sau ɗaya kowa ya ji, in huta da bayani.

Salisu ƙanena ne, ciki ɗaya, shekararshi ashirin da takwas. A wani ƙauye kusa da Runka muka tashi, inda abin da gona ta bayar shi ake ci: tuwon dawa, miyar kuka, kwaɗon zogale da rama, ɗanwake, fura in an dace da nono. A lokacin Salisu a bushe yake kamar kara, amma in ya kama fartanya sai ka rantse mutum biyu ne a gonar. Da 'yan bindiga suka hana noma, Baba kuma ya riga ya rasu, sai shi da Inna suka tattaro suka dawo wurina. Maigidana ya kama mashi ɗan shago a bakin tasha, yana cajin waya yana sayar da kati. Daga safe har rufe shago yana kan benci ɗaya.

Saurayi ne, ba mata, kuma bakin tasha ba abin da babu. Da safe shayi mai kauri, suga cokali huɗu, da burodi. Da rana taliyar nan ta leda da mai shayi ke soyawa da ƙwai, a kora da lemun kwalba mai sanyi. Da yamma awara, soyayyar doya, balangu mai kitse, sannan lemun gwangwanin nan da samari ke sha wai don ƙarfi. In na aika mashi tuwo sai ya dawo da kwano kamar yadda aka kai, ya ce, "Yaya, tuwo ai mun ci rabonmu a ƙauye."

Cikin shekara uku ya yi wuya, ya yi tumbi, ya yi kumatu. Wallahi murna muka yi. Wanda ya gudo da riga ɗaya a jikinshi, in ka ga ya murje ai godiya za ka yi. Inna ta ce gari ya karɓi ɗanta. Ni kuwa Alhaji nake ce mashi, in ce saura mota.

Daga baya ya fara shan ruwa kamar raƙumi, yana tashi fitsari ba iyaka. Ya taɓa ce mani kiyashi na taruwa inda ya yi fitsari, na yi dariya na ce to ai kai ma ka zama rake. Da bakina na faɗi haka. Sai kuma ƙibar ta fara zubewa ba tare da ya rage ci ba, muka ce zafin bazara ne.

Satin farko na jinyar ya fara ne da ɗaurin auren abokinshi a Safana. A kan babur suka je, su uku. A hanyar dawowa salansar babur ɗin ta gasa mashi gefen ƙafar dama, kusa da yatsu. Bai ji ba. Sai da suka sauka abokin ya ce, "Kai, Salisu, dubi ƙafarka!" Mutum ya ƙone har fata ta saɓule bai ji zafi ba, wannan kaɗai ya isa ya tsorata mai hankali, amma ni cewa na yi taurin rai ne irin na manoma. Mai kemis ya wanke, ya fasa kafso ya barbaɗa, ya naɗe da bandeji.

Sati na biyu ciwon ya ƙi rufewa, sai ma faɗi yake. Sati na uku ya fara ruwa da wari, Salisu ya kasa taka ƙafar, muka rufe shago muka kwantar da shi a ɗakin zaure. A satin ne Kawu Mamman, yayan Inna, ya biyo a-kori-kura daga Runka ya zo dubiya. Bayan an gama gaisuwa, an tambayi mutanen gida da na daji da yadda aka kwana da tsoro, ya ce a kwance bandejin. Ya daɗe yana kallo, sannan ya girgiza kai.

"Wanga ba ƙuna ba ce," in ji shi. "Ciwon daji ne. Kuma daji bai son allura. Ranar da ƙarfe ya taɓa yaron ga, ranar za ku yi mashi sutura."

Inna ta dafe ƙirji ta hau salati. Na ce, "Kawu, ko dai a gwada asibiti, su duba kawai?"

Ya kalle ni sama da ƙasa ya ce, "Binta, ɗinki kika sani. Ki tsaya ga ɗinkinki."

Ni da ko mai gwanjo ba ya cin nasara a kaina a ciniki, ranar da ya kamata bakina ya yi aiki sai ya mutu. Tsoro ne ya kama ni, kar in matsa a yi allura ya mutu a ce ni na kashe shi. Kawu ya bar mamu garin magani baƙi na barbaɗawa da saiwoyi na jiƙo, ya koma.

Daga nan 'yan dubiya suka fara zuwa. Kun dai san al'adarmu, ba a zuwa wurin maras lafiya hannu na dukan cinya, kuma abin da ake kawowa ɗaya ne: lemun malt da madarar ruwa ta gwangwani. Kowa ya ga Salisu ya rame, idonshi ya yi fari, sai ya ce, "Jini ne ya yi ƙasa. A riƙa haɗa mashi, yana ƙara jini." Ni ma haka na taso na ji. Haka aka yi mani da na haihu, haka na yi wa wasu.

Ni ce mai haɗawa, ban bar wa kowa ba. In juye malt a babban kofi, in huda gwangwanin madara da wuƙa, in tsiyaye, in juya da cokali, in tallabo kanshi. Abinci ya daina shiga, amma wannan yana shanyewa tas ya ce a ƙaro, don ƙishirwa ba ta barin shi. Sai in ji daɗi. Sau uku a rana, wata rana huɗu. In na 'yan dubiya ya ƙare sai in aika a sawo, har tunkiyata na sayar saboda wannan. Mai zuwa duk in ya ce, "Ya mai jiki?" sai in ce, "Da sauƙi, yau ma ya sha huɗu." Ina faɗi ina alfahari.

Haka muka yi sati na huɗu da na biyar. Warin ya kai sai mun kunna turaren wuta kafin baƙi su shigo. Ina jin tsoro, kullum ina jin tsoro, amma duk lokacin da tsoron ya taso sai in je in haɗa wani kofin, don shi kaɗai ne abin da na iya yi mashi.

Ranar Talata ta sati na shida, da hantsi, Inna ta shiga gaishe shi ya kalle ta ya ce, "Wace ce?" Numfashinshi na fita da sauri-sauri, leɓɓanshi sun bushe sun tsage. Na kwance ƙafar, na ga yatsu biyu sun yi baƙi ƙirin kamar gawayi. Ban nemi shawarar kowa ba. Na zari mayafi na kira maigidana na ce ya nemo mota yanzu-yanzu. Inna ta riƙe mani hannu tana kuka tana cewa, "Allura, Binta, allura!" Na ce, "Inna, ki yafe mani," na zare hannuna.

A asibiti wani ma'aikaci ya soki yatsan hannunshi, ya ɗiga jinin a wata 'yar na'ura. Ya duba, ya sake sokawa, ya sake dubawa. Ya ce abin ya wuce inda na'urar ke iya ƙirgawa. Ya ce, "Tun yaushe yake da ciwon suga?"

Na ce, "Suga kuma? Wannan yaron?" Ni a sanina suga ciwon alhazai ne da tsofaffi masu kuɗi.

Suka ɗaura mashi ruwa, suka yi mashi allurai. Na tsaya a kanshi ina kallon ƙirjinshi, ina jiran maganar Kawu ta tabbata. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan wunin ba. Wajen la'asar ya buɗe ido ya ce, "Yaya, ina ne nan?" Na fashe da kuka a gaban mutane. Suka ce ranshi sun samu sun riƙe da ikon Allah, amma ƙafar ta fi ƙarfinsu, sai Katsina. Muka jira safiya, don hanyarmu ba a bin ta in rana ta yi sanyi, saboda 'yan bindiga. Tun daga tasha har muka shiga gari kowa a motar bakinshi na motsi da addu'a.

Katsina kuwa layi ne a kan layi. Layin kati, layin gwaji, layin karɓo sakamako, layin magani, kowanne a gini daban, ni kuma ban san gari ba. Wani mai ba da kati ya daka mani tsawa don na tambaye shi sau biyu, na haɗiye, don ba ranar faɗa ba ce. Amma akwai wata nas, dattijuwa, da ta ga ina zagaye da takarda a hannu, ta kama ni ta kai ni har ƙofar da nake nema. Allah ya saka mata, ban ma san sunanta ba.

Abin da zan faɗa yanzu shi ne ya fi mani nauyi. An ce yana da suga, na ji da kunnena. Amma a kaina suga shi ne farin nan da ake zubawa a shayi. Malt da madara kuwa magani ne, ƙarin jini ne, ban taɓa haɗa su da suga a raina ba. Saboda haka da za mu taho na zuba sauran gwangwanayen a jaka. Kwana na biyu a ɗakin marasa lafiya, da safe, na haɗa kofi na tallabo kanshi, sai ga likita ta shigo zagaye. Mace ce siririya, ba za ta girmi Salisu da yawa ba. Ta riƙe mani hannu.

"Baiwar Allah, mene ne wannan?"

Na ce, "Ƙarin jini ne, likita."

"Tun yaushe kike ba shi?"

"Sati uku da 'yan kwanaki. Sau uku a rana, wani lokaci huɗu." Har a lokacin ina tsammanin yabo za ta yi mani.

Ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Ta karɓi kofin ta aje a ƙasa. Da ma tsawa ta yi mani, da ya fi mani sauƙi. Sai ta jawo kujera ta zauna, ta ce wa Salisu ya lissafa mata abin da yake ci tun daga safe har ya kwanta, kafin ciwon. Ya lissafa. Ta ce, "Ganye fa? Wake fa? Yaushe rabonka da tuwon dawa?" Ya ce an daɗe. Ta ce, "Wa ke dafa maka? Tafiyar ƙasa fa, kana yi?" Ya ce daga ɗaki sai shago.

Ta ce irin wannan ci, zaƙi da farar fulawa da mai da aka soya aka sake soyawa, kullum ba hutu, ga zama wuri ɗaya, yana sa kumburi a jiki. Na ce, "Likita, ai ramewa ya yi, ina kumburin?" Ta ce, "Ba wanda ido ke gani ba. A cikin jini da jijiyoyi yake, kamar garwashi a ƙarƙashin toka, yana ci a hankali shekara da shekaru." Wannan maganar ta zauna mani har yau. Ta nuna mani gadajen ɗakin da haɓa. Na duba da kyau a karo na farko, na ga ba tsofaffi kaɗai ba ne. Na kusa da mu ɗan acaɓa ne, na can gefe direba, wani kuma ɗalibi. Ta ce samarin da suka baro gida, ba mai dafa masu, aikinsu na zama ne ko na kan hanya, abincinsu na bakin titi, su ne ke ƙara yawa a wurinta, kuma ba sa zuwa sai abu ya lalace.

Na ce, "Likita, ki faɗa mani tsakaninki da Allah. Ni na jawo mashi?"

Ta ce, "Ciwon ya daɗe a jikinshi kafin ƙunar, wataƙila ma akwai shi a danginku. Ba ke kika sa mashi ba. Amma ciwo ba ya warkewa a jinin da suga ya cika, kuma kofin nan suga ne zalla. Ba zan ɓoye maki ba."

Na fita waje na zauna a kan dakali. Garin neman ƙiba na samo rama, kuma ba a jikina ba, a jikin ƙanena. Na kwashe gwangwanayen na zuba a kwandon shara.

Suka cire yatsun nan biyu, suka kankare ruɓaɓɓen naman. Sannan likita ta ɗauki biro ta ja layi a kan fatar, sama da idon sawu, daidai inda ja da kumburin suka tsaya. Ta ce, "In bai haye layin nan ba, za mu ceci ƙafar. In ya haye, sai mu yi wata magana."

Sati na bakwai duk a kan layin biron nan na yi shi. Da na idar da sallar asuba sai in ɗaga zanen a hankali in leƙa. Rana ta farko bai haye ba. Ta biyu bai haye ba. Na samu murhu a bayan ɗakin inda masu jinya ke girki, ina dafa mashi wake da zogale da ɗan tuwon dawa gwargwadon yadda aka ce. Ya kalli kwanon ya ce, "Yaya, tuwon nan har Katsina ya biyo ni." Muka yi dariya, rabonmu da dariya an daɗe. Rana ta uku na ga kamar jan ya ja baya, na kira Inna a waya na ce ta ci gaba da addu'a, an fara gani. Rana ta huɗu zazzaɓi ya rufe shi. Rana ta biyar na ɗaga zanen, na ga jan ya wuce layin da faɗin yatsa biyu. Na mayar da zanen na rufe, kamar in na rufe zai koma.

Likita ta ce sai an yanke daga ƙasan gwiwa, kuma ba a jira, in ya shiga jini ba ƙafa kaɗai za a rasa ba. Maigidana ya je ya taho da Inna. Ta ce ita ba ta yarda ba, a mayar mata da ɗanta gida, yadda Allah ya ba ta shi cikakke haka za ta mayar. Kawu ya kira a waya yana cewa, "Ban faɗa maku ba? Allura ce ta harzuƙa shi." A nan bakina ya dawo. Na ce, "Kawu, da girmanka, amma sati uku muka yi muna bin maganarka yaro na ruɓewa a zaure. Ka yi naka, ni ma na yi nawa, ya isa haka." Na kashe wayar. Daga baya na ba shi haƙuri a kan kashe wayar, ban ba shi a kan maganar ba.

Aka kawo takarda. Salisu ne zai sa hannu, tunda yana cikin hankalinshi. Ya riƙe biron ya kalli Inna, ya kalle ni.

"Yaya, me kika ce?"

Ni da na shayar da shi abin da ya ci ƙafar, ni yake tambaya. Na ce, "Ka sa hannu, Salisu. Ina son ka da ƙafa ɗaya." Ya sa. Inna ta juya mamu baya, ta yi kwana uku ba ta yi mani magana ba.

An yi aikin lafiya. Mun yi sati uku a can bayan haka, yanzu muna gida wata na huɗu, yana koyon tafiya da sanduna, yana yi wa kanshi allura safe da yamma, allurar nan da aka ce za ta kashe shi. Ina godiya ga likitar nan da ta faɗa mani gaskiya ba ta wulaƙanta ni ba, da maigidana da bai taɓa nuna gajiya ba, da maƙwabtan da suka riƙe mani yara. Har waɗanda suka kawo gwangwanayen ina gode masu, don da zuciya ɗaya suka kawo, yadda ni ma da zuciya ɗaya na haɗa. Amma ina roƙon ku don Allah, kafin ku ce wa maras lafiya jininshi ya yi ƙasa, ku bari a soki yatsanshi a gwada, abu ne na minti ɗaya. In kuna da saurayi a shago ko a kan babur, ku tambaye shi me ya ci yau, kada ku tsaya yaba kumatunshi. In ciwo ya yi sati biyu a ƙafa bai rufe ba, ku ɗauke shi ko duk dangi za su yi fushi.

Akwai abin da ban gaya wa Inna ba. Kwana biyu bayan aikin, da rana tsaka, ina zaune a bakin gado ina yi mashi fifita, yana tsakanin barci da farke, sai ya ce, "Yaya, sosa mani babban yatsana, ƙaiƙayi yake."

Na kai hannu ƙafar hagu.

Ya ce, "A'a, na dama."

Na kalli wurin. Daga gwiwa zuwa ƙarshen gado ba komai sai zanen asibiti a shimfiɗe. Idonshi a rufe yake, bai tuna ba. Na rasa bakin da zan tuna mashi. Sai na sa farcena a kan zanen, daidai inda yatsan ya kamata ya kasance, na riƙa sosa katifa, hawaye na zuba mani a kan hannu.

Ya ce, "Ƙasa kaɗan, Yaya."

Na matsa ƙasa kaɗan.